Baturan da Na Shanya a Abijan

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Kowa ya biyo ta teburina a kasuwar Tawa sai ya tsaya: "Abdu, yaya Kurmi? Ka ga teku? Gaskiya ne suna da gidajen da ke taɓa girgije?" Ni kuma in ce lafiya lau, in sa hannu in gyara jeren tocila kamar ina da abin yi. Har wasunku sun fara cewa Abdu ya je birni ya koyo girman kai. Wallahi ba girman kai ba ne, kunya ce. To yau zan faɗa muku gaba ɗaya, amma wanda ya san zai yi dariya ya tashi tun yanzu.

Kun san ni, sana'ata batir ce, pil ɗin nan na rediyo da tocila. Ranakun kasuwa ina Affala, ina Takanamat, wani lokaci har Tebaram. Tun da sefa ta faɗi batir ya zama zinariya, ma'aikata ma da ba su ga albashi ba sai su zo su ɗauki ɗaya, su juya shi, su mayar. Ni na koya wa rabin garin nan yadda ake ja wa batir rai: in ba ka sauraron rediyo ka cire su, in sun yi sanyi ka jera su bisa katanga su sha rana, da maraice ka mayar ka ji labaru tsaf. Da wannan ilimin nake taƙama, kuma da shi na tafi.

Abin da ya kai ni, ɗiyata ta fari ce ta haihu. Ba na kiran sunanta, kun dai san ta. Mijinta kuma can kowa Komi yake ce masa, wato wakilin kamfani da Faransanci, don yana aiki da wani kamfanin da ke raba sabulu da madara da tumatirin gwangwani ga masu shaguna. Saƙo ya zo cewa namiji ne, kuma sunana aka sa masa. Uwarta ba ta iya doguwar mota saboda ƙafarta, sai aka ce ni in je in ga takwarana. Na ɗaure kilishi da cuku da gero ɗan kaɗan, na rataya rediyona, na hau.

Daga nan zuwa Ƙonni ba abin labari. Daga Ƙonni zuwa Yamai kuwa siyasa ta cinye motar. Wasu mutum biyu a bayana suka kama musu, wannan ya ce jam'iyyarsu aka yi wa ƙwace, wancan ya ce gara soja da 'yan surutu. Suka yi ta yi har direba ya ce wanda ya ƙara kiran sunan wata jam'iyya zai sauke shi a daji ya yi taronsa da awaki. Wanda ke kusa da ni wani mai rawani ne daga wajen Tebaram, sunansa Agali, gadi yake yi a Abijan. Tamashek, harshensu na Buzaye, ta fi Hausa zama a bakinsa. Duk inda aka tsaya, ko da ta fitsari ce, sai ya fito da ɗan murhunsa ya ɗora shayi, mota ta yi ta oda yana cewa, "Kofi na biyu bai nuna ba." Sau biyu muna bin mota da gudu, ni da buta, shi da garwashi.

A kan iyakar Burkina aka sauke mu duka, kowa da takardunsa a hannu. Wani ma'aikaci ya buɗe jakata, ya ciro cuku, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya tambaya da Faransanci ko tayil ne na ginin ɗaki. Agali ne ya fassara mini. Na ɓantaro masa ya ɗanɗana, ya tauna ya tauna, ya mayar mini da saura cikin ladabi. A Wagadugu na ga mata bisa babur kamar fara, da goyo a baya da kwando a kai. Na ce wa Agali in matanmu suka ga wannan mun shiga uku. Ya ce, "Ku dai kun shiga, mu namu tun tuni su ke da tanti."

Da muka shiga ƙasar Kodebuwa shingaye suka yi yawa, har na daina mayar da katina aljihu, na riƙe shi a hannu kamar carbi. Ƙasa ta koma kore shar. Abin da ya ba ni haushi, ciyawar da in a Adar ne da an yi faɗa a kanta, ga ta nan har wuya ba dabbar da ke ci. A Buwake na sayi abin da na ɗauka ayaba ce, na ɓare da ƙyar na gatsa, bakina ya ɗaure. Ashe irin wadda ake soyawa ce. Matar da ta sayar mini ta yi dariya har ta riƙe ciki. Na ce ba komai, baƙo ko da ido makaho ne. Ban san makantar tana gaba ba.

A tashar Ajame Komi ya tare ni. Yaro fes, riga cikin wando, amma yana hango ni ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa cikin laka da mutane. "Sannu da hanya, Baba." Bai ɗaga ido ba. Na amsa ina duban wani wuri, yadda ya kamata. A ƙugunsa na ga wata 'yar jakar fata maƙale da bel, kamar gidan laya. Na ɗauka layar ce.

Gidansu irin na haya ne, tsakar gida ɗaya, ƙofofi a jere, kowace ƙofa da harshenta. Ɗaki da falo gare su. Suka bar mini falon, suka sa mini katifa sabuwa har da ledarta. Yarinyar ta kawo ruwa, ta ajiye, ta miƙo mini jaririn. Na karɓe shi. Goshinmu ne sak, na gidanmu. Na yi masa addu'a.

Abinci kuwa, kada ku tambaya. Akwai wani abu acake, garin rogo ne mai tsami-tsami, ana ci da kifi da barkono. Ranar farko na ce wannan ai dusa ce, kafin in taho ni ke neman ƙari. Wanda ya koya mini ci shi ne Illa, ɗan Affala, abokin ƙuruciyata, yana da rumfar acake a bakin layinsu. Mutanen can ba su gaisuwa, wannan na lura. Ka ce wa mutum ina kwana, ya amsa da kalma ɗaya ya wuce, bai tambayi gida ba, bai tambayi gajiya ba. Don haka kullum ina rumfar Illa, inda ake gaisuwa ta mutunci.

A rumfar ne na fara ganin abin da ke cikin jakar fatar. Komi ya tsaya a shagon da ke kallonmu, bai san ina nan ba. Ya ciro wani abu baƙi-baƙi, bai fi tafin hannu ba, fuskarsa gilashi. Ya zaro wani ɗan tsinke a gefensa, mai shago na magana shi kuma yana ta zane bisa gilashin. Na ce wa Illa, "Mi yaron nan ke yi? Duba yake yi musu?"

Illa ya yi dariya. "Ordinata ce, wato kwamfuta, ta aljihu. Irin babbar nan ta ofis, aka matse ta."

Tun da ba ya yiwuwa in tambayi surukina, Illa ne ya zama malamina. Ya ce da can takarda suke yawo da ita, ruwa ya jiƙa, rubutu ya ɓata. Sai kamfanin ya kawo wata mai maɓallai ƙanana kamar haƙoran ɓera, wadda ba ta iya komai sai riƙe suna da lambar waya. Ita kuma wannan sabuwa ce, tana da nata tsarin a ciki mai gane rubutun hannu. Duk shagon da ya shiga, abin da mai shi ke so a kawo masa, katon nawa, wace rana, nan yake zubawa. Ran Litinin ya kai ta ofis can wajen tashar jirgin ruwa, a ɗora ta bisa wata 'yar kujera mai waya, ta juye wa babbar duk abin da ta haɗiya. Da shi ake loda motoci.

"Mutum kaɗan aka ba, gwaji ake," in ji Illa. "Manyan ma ba su daidaita ba, wasu na son wannan iri, wasu na son wani mai kama da ta ofis. A cikin waɗanda aka ba, shi kaɗai ne baƙo. Akwai masu jiran ya yi tuntuɓe, don suna cewa mi ɗan Nijar ya sani in ba albasa ba. Aikinsa duka a wannan abin yake rataye."

Na ji daɗi har cikin raina. Na kuma tambayi abin da ya shafe ni: "Da mi take aiki?"

"Batir biyu, 'yan sirara."

Na gyara zama. Ashe dai an zo gidana.

Ranar Lahadi da hantsi Komi ya tafi gaisuwar rasuwa a wata unguwa, yarinyar tana wanki a tsakar gida. Ya bar jakar fatar bisa tebur a falo, kusa da rediyona. Ni kuma zaman baƙunci ya ishe ni. Ana ta yi mini hidima, nama safe da yamma, ban tsinana musu komai ba. Na dubi abin nan na ce, yaran zamani ba su san tattali ba, yau ba aiki amma an bar batir a ciki yana zuƙewa. Ga shi an yi sa'a rana ta fito, abin da ba kullum ake samu ba a garin. Na juya bayanta, na zame murfin da farce, na ciro su. Na lasa kan ɗaya da harshe, na ji ya yi sanyi. Na ce ka gani ko. Na fita na jera su bisa katanga, har da na rediyona, na dawo na kishingiɗa ina jin kaina mutum mai amfani.

Bayan azahar ya dawo. Ya gaishe ni, ya ɗauki jakar, ya ji ta sakayau. Ya buɗe, ya juya, ya ga ramin batir fayau. Ban bar shi ya nema ba.

"Suna bisa katanga, na shanya maka su," na ce, ina duban bango. "In ba a aiki da abu a riƙa cirewa. Haka muke yi a gida."

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka ladabi ne. Ya fita, ya dawo da su, ya mayar, ya danna. Ya daɗe yana duban gilashin. Sannan ya durƙusa.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Ba komai, ai yi wa kai ne," na ce. Har na ƙara masa da cewa in sun mutu ƙwarai a ɗan cije su a gefe.

Jama'a, na ce masa ya cije su.

Daga washegari na daina ganinsa. Kafin in idar da sallar asuba ya fita, ba ya shigowa sai ana kiran isha'i, ƙafafunsa duk laka, ya gaishe ni murya a dishe. Yarinyar idanunta suka yi ja. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce hayaƙin gawayi ne. Abinci bai ragu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Ni kuma ina ta ci.

Ranar da asiri ya tonu, ni na tona da bakina. Ina rumfar Illa, akwai 'yan Adar da yawa zaune, na fara ba su labari yadda na gyara wa surukina ordinata. Ina kallo, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yaba. Ɗaya ya tashi ya ce zai je sallah, alhali lokaci bai yi ba. Saura suka bi shi ɗaya-ɗaya. Illa ya goge hannunsa, ya zo ya zauna kusa da ni.

"Abdu, tsakanina da kai ba kunya, don haka ni zan faɗa maka. Abin nan ba rediyo ba ne. Rediyo in ka cire batir shiru kawai yake yi. Ita wannan, batir ne ke riƙe mata hankali. Ko canzawa za a yi, da sauri ake yi, kafin ka karanta Fatiha. In ta daɗe ba su, duk abin da ke cikinta sai ya goge."

Na ce, "Duk?"

"Duk aikin makon nan. Shagunan Ajame, na Abobo, har da sababbin da ya samo da ƙyar. Ya je ofis ran Litinin da ita wayam."

Kun san yadda mutum ke ji in ya taka matakala da babu? Haka na ji. Na ture kwanon acaken gefe. Illa ya ce tsohuwar mai maɓallan tana da wani ƙaramin batir na ajiya irin na agogo, da ita ce da ba abin da ya faru. Wannan sabuwa an cire mata shi don ta yi sirara. Ya ce shugabar sashensu ta tambayi yaron yadda aka yi, ya ce shi ne ya cire ya manta. Ta ba shi zuwa ranar loda motoci ya sake bin shagunan ɗaya bayan ɗaya, in bai haɗa ba ya ajiye aikin.

Na miƙe tsaye. "Kai ni wurinta. In gaya mata ni ne."

Ya jawo rigata. "Zauna. Ka je ka mai da shi maƙaryaci a gabanta? Kuma a ce ya bar kayan kamfani a hannun tsoho? Ka ƙarasa shi ke nan."

"To in ba shi haƙuri."

"Kai, surukinsa? In ya san ka sani, ba zai ƙara iya zama ɗaki ɗaya da kai ba. Duk wahalar nan da yake sha, rabinta don kada ka sani ne. Ya bi mu ɗaya-ɗaya ya roƙe mu."

"To in koma gida gobe."

"Su ce mi ya kore ka?"

Garin neman gira na cire wa yaro ido, kuma ba dama ko sannu in ce masa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, har na ji ina ma ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya rage mini shi ne in koma falon nan in zauna bisa sabuwar katifa, a kawo mini nama in ci, in ce ya yi daɗi. Haka na yi. Da isha'i ya shigo yana jan ƙafa, ya durƙusa ya ce, "Baba, an wuni lafiya? Ba a dai rasa komai ba?" Na ce ba a rasa ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sauran kwanakin ban ga komai na Abijan ba. Illa ya ja ni ya kai ni bakin teku don in sami abin faɗa muku. Ruwa ne, da yawa, yana ta hauka. Ni hankalina na wurin yaron da ke bin shaguna yana cewa a taimaka a maimaita masa. Wasu suka maimaita, wasu suka ce ba su da lokaci, wasu har sun riga sun saya wurin wani kamfani. Rediyona ma na daina kunnawa, ganin murfin bayansa kaɗai yana tuna mini abin da na yi. Sai in ɗauki takwarana in yi ta jijjiga shi, ina ce masa a hankali, "Sunan wawa aka ba ka, ka yi haƙuri."

Ranar lodi ta zo ta wuce. Na tambayi Illa, ya ce ba a kore shi ba, ya haɗa mafi yawa. Na ce alhamdu lillahi. Na ga kamar akwai sauran magana a bakinsa, amma ya juya ya shiga soya kifi. Ni ma ban matsa ba, don abin da nake son ji ke nan. Kuma da safe na ga yaron ya fita da jakarsa a ƙugu, cike kamar kullum. Hankalina ya ɗan kwanta.

Ranar tafiyata suka raka ni tasha. Yarinyar ta haɗa mini tsaraba har da atamfar uwarta, ta tsaya nesa da goyo tana share ido da bakin zane. Komi ya sa aka ɗaure kayana, ya samo mini kujera kusa da taga. Da direba ya tada mota ya zo ya cire takalmi, ya durƙusa a gabana yadda ya yi ranar da na zo. Durƙusawar ce ta matse jakar, maɓallin murfinta ya ɓalle.

Sabulu ne a ciki. Sabulun wanki, irin wanda kamfaninsu ke sayarwa, an yanke shi da wuƙa daidai girman ordinatar, an gyara kusurwoyinsa don jakar ta zauna yadda ta saba.

Ashe an karɓe ta an ba wani. Daga baya na ji an mai da shi sito, yana ƙidayar katon. Kullum da safe yana ɗaura sabulu a ƙugu ya wuce ta gabana, don kada in tambayi kaina ina abin ya tafi.

Na gani, ya ga na gani. Ya sa tafin hannu ya rufe jakar a hankali, kansa a ƙasa. Ni kuma na ɗaga kai ina duban kayan da ke bisa mota, kamar ina neman buhuna.

"Allah ya kiyaye hanya, Baba. A gaida su Inna."

"Za su ji," na ce. "Allah ya yi maka albarka."

Ban taɓa faɗin wannan addu'a da nauyi irin na ranar ba.

To kun ji Abijan. Benaye akwai su, teku ma akwai. Wanda ke son batir ga su nan, sababbi ne, amma kada wanda ya ƙara tambayata yadda ake shanya su.